Arena ta Verona: ginin Rumawa mai shekara kusan 2,000 da har gobe ake cika shi

Ranar 23 ga Janairu 2023 ma'aikata suna kwance wata ƙatuwar tauraruwar ƙarfe a birnin Verona da ke arewacin Italiya. Tun 1984 ake kafa ta duk ƙarshen shekara saboda bikin Kirsimeti. Gindinta yana zama a cikin tsohon dandalin kallo na Rumawa da ake kira Arena, jikinta ya lanƙwasa ya tsallake katanga, kanta kuma ya sauka a filin Piazza Bra inda jama'a ke kai da komo. Nauyinta ya haura tan 70. Ana cikin ɗaga gindin da injin ɗaga kaya sai ya kuɓuce, ya rikito a kan matakalan dutse, ya farfasa su. Mai gabatar da ƙara na birnin ya sa aka rufe wurin, ya buɗe bincike. Magajin gari, Damiano Tommasi, wanda masu son ƙwallo suka sani ɗan wasan tsakiya a ƙungiyar Roma, bai cika shekara a kan kujera ba lamarin ya faɗo masa.

Wannan haɗari ya sake tayar da gardamar da mutanen Verona suka daɗe suna yi. Ginin da ya kusa shekara 2,000, a ci gaba da ɗora masa kaya ana tara masa dubban mutane kowane dare, ko a ɗauke masa nauyi a bar shi ya huta? Duk ɓangarorin biyu suna da hujja, kuma duk a tarihin ginin suke samo ta.

Abin da Rumawa suka gina

An gina Arena a farkon rabin ƙarni na ɗaya miladiyya, wajajen shekara ta 30. Ke nan ta girmi Colosseum na birnin Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 80, da kusan shekara 50. A girma ita ce ta uku a Italiya, bayan Colosseum da dandalin Capua. Siffarta ta ƙwai ce: tsawo kusan mita 152, faɗi kusan mita 123 idan aka haɗa da katangar waje ta asali. Filin tsakiya, inda ake zuba yashi a yi wasa, tsawonsa kusan mita 75 ne, faɗinsa 44. Tana ɗaukar mutum wajen 30,000, adadin da ya nuna ba don mazauna birnin kaɗai aka yi ta ba, har da na ƙauyuka da garuruwan kewaye. Wataƙila shi ya sa aka kafa ta a bayan ganuwa, don kada cincirindon baƙi ya toshe lungunan gari.

Dutsen da aka yi aikin da shi daga tsaunukan Valpolicella aka sassaƙo, arewa da birnin, fari da mai ruwan hoda. Katangar waje hawa uku ce, kowane hawa da bakuna 72, tsayinta ya kai mita 30. A ƙarƙashin kujeru akwai hanyoyi da matakalai da aka tsara yadda kowa zai bi ƙofarsa ya isa mazauninsa ba tare da ya cakuɗa da wanda ba ajinsa ba: manya a ƙasa kusa da fili, talakawa a can sama. Can ƙarƙashin ƙasa kuma magina sun shimfiɗa magudanan ruwa, domin ginin tamkar mazurari yake, duk ruwan saman da ya sauka a cikinsa sai an nema masa hanyar fita. Wannan batu na ruwa shi ne har yau ya fi ci wa masu kula da ginin tuwo a ƙwarya.

Abin da ake kallo a ciki ba abin alfahari ba ne. Mutane ne ake haɗawa da takubba da māsu su yi faɗa, wani lokaci har kisa, sannan da farautar namun daji. Duwatsun kaburburan wasu daga cikin mayaƙan suna nan a gidajen tarihi na birnin. Akwai na wani Generosus, mutumin Iskandariya ta Masar, wanda aka rubuta ya yi faɗa 27. Akwai na Glaucus, ɗan garin Modena, wanda ya tsira a faɗa bakwai ya mutu a na takwas yana da shekara 23; matarsa Aurelia da masoyansa ne suka kafa masa dutsen. Marubucin nan Pliny Ƙarami ya bar wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Maximus, yana yaba masa kan wasan da ya shirya wa mutanen Verona don tunawa da matarsa da ta rasu. A ciki yana jajanta masa cewa namun dajin Afirka masu yawa da ya saya ba su iso ranar da aka tsayar ba, saboda rashin kyawun yanayi ya tsare su a hanya. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan a ransa: kyawun ginin gaskiya ne, jinin da aka zubar a cikinsa ma gaskiya ne, kuma wani kaso na mutanen da dabbobin daga nahiyarmu aka kwaso su.

Shekarun da ba wanda ya ɗauke ta abin tarihi

A shekara ta 265 sarki Gallienus ya faɗaɗa ganuwar Verona cikin gaggawa saboda tsoron hare-hare daga arewa, ya shigar da Arena ciki, don kada abokan gaba su mayar da ita sansani. Bayan daular Rum ta yamma ta ruguje, wasannin jini suka mutu, ginin ya koma ma'adinin dutse. A zamanin Theodoric, sarkin Gotawa da ya mulki Italiya daga 493 zuwa 526, an kwashi duwatsunta an ƙarfafa ganuwa da su. Sai girgizar ƙasa ta ranar 3 ga Janairu 1117, wadda ta ɗaiɗaita garuruwan arewacin Italiya, ta ƙarasa mafi yawan abin da ya rage na katangar waje. Abin da ya tsira ɗan yanki ne mai bakuna huɗu a jere, hawa uku, wanda mutanen gari ke kira Ala. Fuskar da baƙo ke gani yau daga Piazza Bra, mai hawa biyu, katangar ciki ce da Rumawa ba su yi ta don ido ya gani ba.

Duk da haka ba a taɓa barin wurin kango ba. Ɗakunan da ke ƙarƙashin bakuna sun zama gidajen kwana, shaguna, ɗakunan ajiya da wuraren sana'a. Akwai lokacin da dokar gari ta keɓe wa karuwai wurin, ta ce nan kaɗai za su zauna. An yi shari'a a filin, an yi kisa. A 1278, zamanin mulkin gidan Scala, an ƙone mutum kusan 200 a ciki, mabiya ɗariƙar Cathar da aka kamo akasarinsu daga Sirmione a bakin tafkin Garda, bisa zargin sun bar koyarwar coci. Ko a aikin gyaran da aka yi a 'yan shekarun nan ma'aikata sun ci karo da kaburburan mutanen wancan zamani a cikin ɗakunan.

Inda labarin Verona ya rabu da na sauran garuruwa shi ne a nan. Dandalin Rumawa sun haura 200 a faɗin tsohuwar daular, daga Ingila zuwa Tunisiya, kuma akasarinsu ko dai an kwashe su dutse bayan dutse, ko an gina gidaje a kansu har sun ɓace. Hukumar birnin Verona kuwa tun da wuri ta ɗauki ginin a matsayin dukiyar gari. Dokokin birni sun sa tara a kan mai fasa shi ko kwasar dutsensa, kuma dokokin 1450 sun nanata haka. A 1568, lokacin Verona tana ƙarƙashin Jamhuriyar Venice, majalisar gari ta tsayar da shawarar gyara na sosai, aka shiga sake shimfiɗa matakalan zama, aikin da ya ɗauki tsararraki. Wannan yana nufin da yawa daga matakalai 44 da ake zama a kansu yau hannun maginan Verona ne na ƙarni na 16 zuwa gaba. Ginin Rumawa ne, amma rabin ransa na jikokin da suka yi ta yi masa faci ne.

Me ya sa suka kashe wannan kuɗi? Saboda suna amfani da wurin. Ana sukuwar dawaki da māsu, ana tseren mahaya, ana haɗa bijimai da karnuka, ana wasan kwaikwayo a ɗan dandamalin katako. Napoleon ya zauna ya kalli wasan bijimai a 1805. A 1822, da sarakunan Turai suka yi babban taro a Verona, an shirya musu biki a ciki da kiɗan da Rossini ya tsara. A 1890 Buffalo Bill ya kawo tawagarsa ta mahaya daga Amurka. Marubucin Jamus Goethe, da ya ziyarci wurin a Satumban 1786 ya tarar da shi fayau, ya lura cewa irin wannan gini sai yana cike da mutane ake ganin ainihinsa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san zancen: ɗakin da ake kwana a ciki shi ake yi wa yaɓe kafin damina, wanda aka kulle aka tafi shi ruwa ke ci.

Shawarar 1913

A 1913 ake cika shekara 100 da haihuwar Giuseppe Verdi, babban mai tsara kiɗan opera na Italiya, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa suna rakiya. Wani mawaƙi ɗan Verona mai suna Giovanni Zenatello, wanda ya riga ya yi suna a manyan gidajen wasa na duniya, shi da mai shirya wasanni Ottone Rovato suka ɗauki kasadar yin bikin a Arena da kuɗinsu. Kasada ce ta gaske. Opera a rufaffen zaure aka saba yin ta, inda bango da rufi ke dawo da murya. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa muryar mutum ɗaya, ba lasifika, za ta kai kunnen wanda ke zaune a matakala ta ƙarshe a fili buɗe.

Ta kai. Ranar 10 ga Agusta 1913 aka buɗe da Aida, ɗaya daga cikin wasannin opera na Verdi, Tullio Serafin yana jagorantar makaɗa, wani matashin mai zanen gine-gine Ettore Fagiuoli ya tsara dandamali. Fagiuoli ya gane abin da ya zama ƙa'idar wurin har yau: ba a rataya zanen labule a nan, sai dai a gina ginshiƙai da gumaka masu jiki, a bar matakalan dutsen da ke bayan dandamali su zama ɓangaren wasan. Jama'a suka yi dafifi daga ko'ina cikin Italiya da ƙetare. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara. Yaƙin duniya na farko da na biyu ne suka katse shi, sai annobar korona a 2020 da ta sa aka soke tsarin da aka shirya aka yi ɗan taƙaitaccen shiri da 'yan kallo kaɗan. Saboda waɗannan giɓi ne sai a 2023 aka yi zagaye na 100.

A wannan dandamali ne shahararriyar mawaƙiyar opera Maria Callas ta fara waƙa a Italiya, ranar 2 ga Agusta 1947, kuma Serafin ɗin dai shi ne jagoran makaɗa. A Verona ta haɗu da attajirin da ta aura, Giovanni Battista Meneghini.

Yadda daren wasa ke gudana ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake ganin abin da ake nema daga ginin. Kakar wasannin tana farawa a Yuni ta ƙare farkon Satumba, dare kusan 50. Dandamali yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na matakalan, don haka masu kallo ba sa wuce 15,000, rabin abin da Rumawa ke zubawa. Masu tikiti mai tsada suna zama a kujerun da aka jera a filin tsakiya, daidai inda Glaucus da ire-irensa suka yi faɗa. Masu ƙaramin ƙarfi suna hawa sama su zauna a kan dutsen da ya sha rana yini guda, kowa da matashinsa, na haya ko wanda ya zo da shi. Wajen ƙarfe tara na dare, kafin makaɗa su fara, sai 'yan kallo su kunna ƙananan kyandirori, al'adar da ake dangantawa da shekarun farko. Wasan yakan kai tsakar dare ko ya wuce. Tun da ba wasa ɗaya ake yi kullum ba, da an tashi ma'aikata za su shiga kwance dandamalin jiya su ɗaura na gobe, injin ɗaga kaya yana tsallakar da gumakan Fir'auna da ginshiƙai ta saman katanga yana ajiye su a fili, inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto da su da rana. Idan kuwa aka fara yayyafi, makaɗa ne ke fara tashi da gudu, don goge da sauran kayan kiɗan katako ba sa shiri da ruwa. Sai a jira. Wani daren a ci gaba, wani daren a watse.

Akwai wani al'amari da ya shafi mai kallo ɗan Afirka kai tsaye. Aida, wasan da ya fi kowanne yawan fitowa a Arena, labarin gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a Masar. An daɗe ana shafa wa mawaƙa fararen fata baƙin kwalli a fuska da jiki don su fito a matsayin Habashawa. A Yulin 2022 hotunan mawaƙiya Anna Netrebko cikin irin wannan shafe suka bazu, sai mawaƙiya Ba'amurkiya baƙar fata Angel Blue ta janye daga wasan da aka shirya za ta yi a Arena a wannan kaka, ta ce ba za ta iya haɗa sunanta da wurin da ke yin haka ba. Hukumar bikin ta kare kanta da cewa tsarin wasan na darakta Franco Zeffirelli ne na 2002, ana maimaita shi yadda ya bar shi. A ganina wannan hujja ba ta da ƙarfi. Dutse ne ake adanawa yadda aka same shi. Abin da ake yi a kan dandamali zaɓin masu rai ne, kuma wurin da ya iya daina zubar da jini ya iya daina wannan.

Wa ke da ginin, wa ke biya

Hannu uku ne a kan Arena. Ginin mallakar hukumar birnin Verona ne. Ofishin gwamnatin tarayya mai kula da kayan tarihi shi ke da ikon cewa a yi ko a bari a duk abin da zai taɓa dutse. Bikin opera kuma yana hannun wata gidauniya, Fondazione Arena di Verona, wadda ta gaji hukumar da aka kafa a 1936, aka mayar da ita gidauniya a 1998, magajin gari ne shugabanta. Tun 2000 kuma birnin gaba ɗaya yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. A shekarun baya-bayan nan bikin yana tara 'yan kallo sama da 400,000 a kaka guda, da yawansu daga ƙetare, musamman Jamus, kuɗin tikiti kuma ya haura Yuro miliyan 30. Otal-otal, gidajen abinci, masu tasi da garuruwan bakin tafkin Garda duk suna ci daga wannan tukunya.

Mutum zai zaci mai irin wannan ciniki ba ya kuka. Amma a 2016 gidauniyar ta kusa durƙushewa, bashi ya haura Yuro miliyan 20. Ma'aikata suka ƙi amincewa da yarjejeniyar rage kashe kuɗi, majalisar gudanarwa ta nemi a rushe gidauniyar. Ministan al'adu na lokacin, Dario Franceschini, bai yarda ba, ya naɗa Carlo Fuortes kantoma. Maganin ya yi ɗaci: aka riƙa dakatar da aiki wata biyu a shekara ba albashi, aka kuma sallami rukunin 'yan rawa na dindindin. A 2018 aka ba Cecilia Gasdia ragama, mawaƙiya 'yar Verona da ta san dandamalin da ƙafarta, al'amura suka fara daidaita. Bayan korona, a 2021, aka ƙirƙiro wani shirin neman tallafi daga 'yan kasuwa da aka sa wa suna ginshiƙai 67, ana nuni da ɓangaren katangar waje da ya ɓace, kowane mai bayarwa ya tsaya a madadin ginshiƙi guda.

Darasin 2016 a fili yake. Opera tana cin kuɗi fiye da yadda take kawowa: makaɗa, 'yan amshi, masu ɗinki, kafintoci, ɗaruruwan masu fitowa a dandamali. Ba ta da rarar da za ta gyara dutse. Shi ya sa ake cusa wasu tarurruka a ranakun da ba opera, kafin kaka da bayanta: mawaƙan zamani da manyan lasifikoki, bukukuwan talabijin, har tseren keke na Giro d'Italia ya sha ƙarewa a nan, na baya-bayan nan a 2019 da 2022. Fafaroma Francis ya halarci taron zaman lafiya a ciki a Mayun 2024. Kowane taro da motocinsa na kaya, da ƙarafan da ake kafawa, da igiyoyin lantarki da ake ja ta cikin ɗakunan Rumawa.

Ruwa, da gardamar rufi

Idan ka tambayi masu gyaran ginin babban abokin gabarsa, ba za su fara da 'yan kallo ba. Ruwa za su ce. Ruwan sama yana bi ta tsakanin duwatsun matakalai, ya tsiyaya cikin bakunan da ke ƙasa, ya narkar da abin da ya riƙe su, ya bar gishiri da gansakuka. Da hunturu ya daskare a cikin tsaga ya ƙara buɗe ta. Ala kuwa, da yake ita kaɗai take tsaye ba abin jingina, tun shekarun 1950 injiniya Riccardo Morandi ya ɗaure ta da wayoyin ƙarfe da aka zura ta cikin duwatsun.

Babban gyaran wannan zamani ya samu ne ta wata doka ta 2014 da ake kira Art Bonus, wadda ke mayar wa mai ba da gudummawa ga kayan tarihi kashi 65 cikin 100 ta hanyar rage masa haraji. Bankin UniCredit da gidauniyar Cariverona suka ba da Yuro miliyan 14. Da shi aka shiga toshe tsagogin matakalai, gyaran bakuna, sabunta wayoyin lantarki da hanyoyin kashe gobara da banɗakuna. Aikin ya ja shekaru, kuma dalilin jan nasa shi ne zuciyar lamarin: ba a iya aiki sai daga kaka ta ƙare zuwa bazara, sannan a kwashe kayan aiki a ba masu wasa wuri. Ginin da ke ciyar da gari ba a iya rufe shi shekara biyu a yi masa magani a huta.

Magajin gari na wancan lokaci, Flavio Tosi, ya kawo shawarar da yake ganin za ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a yi wa Arena rufi mai buɗewa da rufewa, ya kare dutse daga ruwa, ya kuma hana asarar daren wasa. Sandro Veronesi, mai kamfanin tufafi na Calzedonia, ya ɗauki nauyin gasar zane ta duniya. A farkon 2017 aka bayyana cewa wasu kamfanonin Jamus biyu, Schlaich Bergermann da gmp, su suka yi nasara, da zanen wani zobe a saman ginin wanda za a riƙa jan rumfar yadi daga cikinsa a kan wayoyi, a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 13 da rabi. Masu goyon baya suka ce ai Rumawa ma suna ja wa dandalinsu rumfar yadi don inuwa. Masana tarihi da masu kare kayan gado suka ce zoben dole ya tsaya a kan wani abu, ko a kan tsohon bango ko a kan sababbin ginshiƙan da za su canza fuskar ginin da filin gabansa. A wannan shekarar aka yi zaɓe, Federico Sboarina ya hau, maganar ta kwanta. Ba a gina rufin ba.

Ina ganin an yi daidai. Rufin zai magance ruwan daren wasa, amma zai buɗe ƙofar abin da ya fi ruwa haɗari, wato a ce tunda an rufe, a yi taro kowane wata na shekara. Watannin hunturu da ake ganin asara ce su ne kaɗai lokacin da magina ke samun shiga. Sannan ruwan da ke bi ta tsaga ana iya tare shi da aikin hannu mai arha da ake maimaitawa, irin wanda mutanen 1568 suka fara, ba sai an ɗora wa bangon shekara 2,000 nauyin da ba a gina shi don shi ba.

Haka nan ban yarda da masu cewa a kwashe komai a mayar da ita gidan kallo shiru ba. Tarihin da ke sama bai goyi bayansu ba. Kuɗin da aka sake shimfiɗa matakalai da shi, da Yuro miliyan 14 na bankuna, duk sun zo ne saboda wurin yana da rai a idon mutanen gari. Inda gyara yake shi ne a rarrabe amfani. Mawaƙi da muryarsa da mutum 15,000 a zaune abu ne da ginin ya nuna yana iya ɗauka fiye da shekara 100. Ƙarfe mai tan 70 da aka riƙa ɗagawa ta saman matakalai sau biyu a shekara don ado wani abu ne daban, kuma ba wanda zai ce rayuwar ginin ta dogara da shi. Haka tarurrukan da ke zuwa da manyan motoci a kwance a ɗaura cikin dare ɗaya: ya kamata a ƙayyade yawansu, a kuma ware wani sanannen kaso na kuɗin hayarsu ya tafi kai tsaye ga gyaran dutse, yadda kowa zai iya bin sawunsa.

Nauyi na baya-bayan nan da aka ɗora wa Arena ya zo da wata buƙata da Rumawa ba su taɓa tunaninta ba. An zaɓe ta wurin bikin rufe gasar Olamfik ta hunturu ta Milan da Cortina ranar 22 ga Fabrairu 2026, da bikin buɗe gasar naƙasassu ranar 6 ga Maris. Gini ne na matakalai masu tsayi da duwatsu marasa daidaito, wanda aka tsara don ya raba mutane aji-aji, ga shi an ce ya karɓi 'yan wasa da 'yan kallo masu keken guragu. Wannan ya tilasta aikin shimfiɗa hanyoyin da keke zai bi, da madafa a gefen matakalai, da gyaran banɗakuna, har da shawarar kafa lif, kuma kowane ƙarfe da za a kafa sai ofishin kula da kayan tarihi ya duba inda zai taɓa ya sa hannu. Wannan irin sauyi ne da nake goyon baya ko da ya ɗan taɓa fuskar ginin, domin tsoho mai sanda da yarinya mai keke 'yan Verona ne, kuma za su ci gaba da amfana da hanyoyin kowace kaka bayan baƙin Olamfik sun koma gida.